Kayan da ke Ƙuryar Mota

Ranar da na miƙa wa 'yata Auta makullin garejinmu na dakon kaya, ƙanena ya jira sai da ta fita, sannan ya tare ni. Tare muka kafa wurin, don haka yana da bakin magana.

"Yaya, yarinyar da ba ta taɓa canza taya ba? To, ga maganar manhajar nan da za ta riƙa tsara wa direbobi hanya. In ta zaɓo mana shirme, ta tashi daga kujerar, mu kawo wanda ya san aiki."

Na ce na yarda. Ni ba na kare ɗa da baki.

Masu sayar da manhaja biyu suka zo. Na farko mai kwat ne, ga zaƙin baki. Ya haska taswira a bangon ofis, motoci na yawo a ciki kamar tururuwa. Ya ce da an samu cunkoso, nan take tasa za ta sauya hanya, ta sake jera shagunan da za a bi. Ƙanena har da tafi. Ta biyun mace ce mai gilashi, ba ta da surutu, taswirarta kuma ba kyan gani.

Auta ta ce, "Baffa, ba a bango muke dako ba. A gwada kowacce yini guda a motar Dogo."

Dogo shi ne babban direbanmu. Ya taɓe baki. "Ranki ya daɗe, ni waya za ta koya wa hanya? Ramukan titin nan ma sun san ni."

Auta ta ce, "Shi ya sa ba ka wuce ko ɗaya ba ka gaishe shi da tayoyina ba."

Masu lodi suka kwashe da dariya.

Lodi a wurinmu yana da ƙa'ida. Kayan shagon da za a je a ƙarshe su ake fara turawa can ƙurya, na shagon farko su zauna a bakin ƙofa. Haka aka yi wa Dogo, ya fita da manhajar mai kwat.

Hantsi bai gama ɗagawa ba ya kira Auta. Ina zaune ina jin komai.

"Shugaba, abar nan ta ga cunkoso ta juya ni. Ga ni ƙofar mai sabulu, sabulun kuwa yana ƙurya, bayan buhunan fulawa da jarkokin mai. In sauke?"

Auta ta ce, "Sauke. Yi yadda ta ce."

Suka zube rabin mota a bakin titi, buhu ɗaya ya fashe. Mai gidan burodi ya kira yana faɗa, fulawarsa ba ta iso ba. Dogo ya dawo da yamma fari fat har gashin ido, bai yi wa kowa sallama ba.

Ƙanena ya buga tebur. "Kina sane kika ce ya sauke!"

"Ina sane, Baffa. Gara mota ɗaya ta sha wannan wahalar yau, da a ce duk motocinmu su riƙa shan ta kullum."

Ya juyo ya dube ni. Na ci gaba da shan shayina.

Washegari, kafin a ɗaga ko kwali ɗaya, Auta ta tsayar da mai gilashi. "In an gama lodi, taki za ta iya kulle jerin shaguna, ta sauya titi kawai?" Matar ta ce za ta iya, har ma ta nuna wa masu lodi abin da za su fara sawa. Auta ta ce a gani a ƙasa.

Kafin la'asar Dogo ya shigo da mota wayam. Aka tambaye shi yadda ta kaya.

"Ba laifi. Sai dai mitarta irin ta surukata ce. Ka yi dama, ka yi dama, kamar ban ji ba."

Ƙanena ya zagaya motar, ya leƙa ciki, sannan ya shiga ofis. Auta ta miƙe don ta ba shi wuri. Ya ɗaga mata hannu.

"Zauna, wurinki ne. Kira mai gilashin a gama magana." Ya juyo gare ni. "Yaya, wannan taurin kan naka ne, ba na uwarta ba."

Ban yabe ta ba, yabo a gaban ma'aikata ɓata yaro yake. Na ce ta je da kanta ta ba mai gidan burodi haƙuri. Ta ce ai tun da safe ta je.

Na ɗauki sandata na fito, kada su ga fuskata.