Maɓalli na Sha Shida

Shekara ashirin da uku ina zaune a bayan ganguna, ban taɓa zargin kunnena ba. Na zargi mai jita, na zargi lasifika, na zargi wutar lantarki, har muryar yayana na zarga, shi da ya kafa ƙungiyar kuma shi ne mawaƙinmu. A wajen kiɗa Tsawa ake ce mini, ni kuma duk tsawon shekarun nan na ɗauka kirari ne.

Mu biyar ne: Yaya, mai jita, Anti mai fiyano, ni, sai Injiniya da ke zama a teburin sauti yana murɗe-murɗe. Muna atisaye a wani tsohon sito bayan shagon gyaran firji, an lulluɓe bangon da kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu don kada maƙwabta su kai mu ƙara. A wannan ɗakin, wata ranar Talata da hantsi, Yaya ya ajiye makirufo ya tako har gaban gangunana.

"Auta," ya ce. Shekarata arba'in da bakwai, da furfura a gemuna, amma a bakinsa har yanzu ni Auta ne. "Na ba ka wata ɗaya. Ka je a duba kunnenka, ka sa abin toshewa kamar kowa, ka rage hannu. In ba haka ba ka nemi wata ƙungiyar."

Sai da na sa ya maimaita, wanda hakan bai taimaki shari'ata ba.

Abin toshewar nan da tarihinsa. Shekara biyu da suka wuce Anti ta zo da shi a wasu ƙananan gwangwanaye, ta raba wa kowa. Ba audugar da aka sani ba ce. Roba ce mai laushi da 'yar ƙofa a tsakiya, tana rage ƙara amma ba ta kashe kiɗan. Kowa ya karɓa ya gode, ni kuwa na ɗaga nawa sama ina dariya. Na ce makaɗin da ya toshe kunne kamar mai girki ne da ya toshe hanci. Na ce in suna tsoron ƙara su koma saƙa tabarma. Na daɗe ina yi, don ina jin daɗin bakina in na samu abin yi wa ba'a. Daga ƙarshe na zuba ƙananan kusoshin ganga a gwangwanin, robar kuma ban san inda ta faɗa ba.

Ni a ganina matsalar ƙungiyarmu ɗaya ce: ba a ƙara mini sauti. Akwai wata lasifika da ake ajiyewa a gefen haguna, daga ita nake jin kiɗana da na sauran. Kullum sai na ji ta yi sanyi. Sai in kalli Injiniya in ɗaga sanda sama, shi kuma ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya kai hannu can ƙarshen tebur ya murɗa wani maɓalli. Nan take sai in ji komai ya fito tar. In yi masa jinjina, in ci gaba da dukan fata. Har yabonsa nake a gaban mutane, ina cewa duk ƙungiyar shi kaɗai ya san darajar kunnen ƙwararre.

Muryar Yaya kuwa ta fara dishewa, kuma ni na riga na gano dalili tun kafin likita: tsufa da ruwan sanyi. Na faɗa masa, na faɗa wa matarsa, na faɗa wa duk wanda ya tsaya. Shi ya sa da ya ba ni wata ɗaya na ce a raina, to, murya ta ƙare, ana neman wanda za a ɗora wa.

Na yi mako biyu ina kumbure-kumbure. Ranar Alhamis ta mako na uku Injiniya ya aiko cewa zai makara, ya kai mahaifiyarsa cire haƙori. Na riga kowa zuwa, na ce bari yau in saita sautina da hannuna, in nuna musu cewa in an ba ni abin da nake bukata ba ni da matsala. Na zauna a kujerarsa. Maɓallai a jere, kowanne da farar takarda an liƙa an rubuta suna. Na bi har ƙarshe, ga na sha shida, an rubuta TSAWA da manyan baƙaƙe. Har wani daɗi na ji, nawa ne kaɗai aka ja wa layi a ƙasa.

Na kunna waƙa, na murɗa shi zuwa ƙarshe. Ban ji bambanci ba. Na mayar da shi ƙasa gaba ɗaya, nan ma shiru kake ji. Na ce wataƙila waya ce ta saki, sai na zagaya bayan teburin na durƙusa. Wayoyi goma sha biyar, kowace a raminta. Rami na sha shida babu komai a ciki sai ƙura, da wani gizo-gizo da ya yi gida har ya tara iyali.

A durƙushen nan Injiniya ya same ni. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ko kuma ya ɗaga ban ji ba.

"Injiniya, ina wayar nan?"

Ya ajiye jakarsa a hankali. "Babu waya, Oga Tsawa."

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara biyu."

"To me kake murɗawa in na ɗaga sanda?"

"Shi nake murɗawa mana. Kuma kullum kana cewa ya yi." Ya sosa ƙeya. "Lasifikarka ta kai ƙarshe tun tuni. In na ƙara ko kaɗan, ko ta fashe ko kai ka fashe. Makirufon gangunanka ma na daɗe da kashe su, ba a bukatarsu. Daga bakin titi ana jinka."

Na tuna duk jinjinar da na yi masa, da yadda nake lumshe ido in ce yawwa, yanzu aka zo wajen. Ashe gizo-gizo nake wa godiya. Kunya ta kama ni irin wadda ke sa mutum ya nemi faɗa, sai na nema.

"Wato kun mayar da ni mahaukaci ke nan! Kun toshe kunnuwanku saboda ƙarar lasifika, ni kuma kuka bar ni ina..."

"Ba saboda lasifika ba ne," in ji Anti daga bakin ƙofa. Ban san ta shigo ba, amma wannan ba sabon abu ba ne. "Saboda kai ne, ƙanena. Kana jin kanka ƙasa-ƙasa, sai ka ƙara duka. Ka ƙara duka, kunnen ya ƙara tafiya, ka sake ƙarawa. Mu mun samu abin toshewa. Yayanka fa? Ba a toshe maƙogwaro. Shekara biyu yana ihu a kan gangarka don a ji waƙar, shi ne abin da likita ya ce ya cinye masa murya. Ya hana mu gaya maka."

Na buɗe baki in kawo maganar ruwan sanyi, sai na ga ba ta da wurin zama. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, amma ni nawa warin har ya kwantar da ɗan'uwana.

Washegari na je gwajin ji. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, aka ɗora mini abin saurare a kai, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji ƙara. Matar da ke gwajin tana zaune a bayan gilashi. Ni da maɓalli yanzu ba ma ga maciji, amma na ce ba za a kayar da ni ba. Na riƙa kallon hannunta, da ta motsa sai in danna. Can ta buɗe ƙofa ta ce, "Malam, ban kunna komai ba tukuna, biro nake nema."

Da aka yi na gaskiyar, ta nuna mini takarda mai layi biyu, ɗaya na kowane kunne. Na dama ya gangaro kaɗan. Na hagu, wanda ya sha lasifika da faya-fayen tagulla, ya faɗa rami. Ta tambaye ni ko ina jin wani siririn fito a kunne. Na ce ai firjin maƙwabtanmu ne. Ta ce a gida ma? Na ce har a gida. Ta ce abin da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa, amma wanda ya rage ana iya tsare shi in na ga dama.

Saura kwana goma wa'adina ya cika. Anti ta kawo mini sabon gwangwani ta ajiye a kan gangata ta wuce, wanda ya fi zagi ciwo. Ranar farko da na sa robar sai na ƙara duka fiye da da, don yanzu kam ina jin kaina kamar daga cikin rijiya. Injiniya ya ɗauko wayarsa ya jingina ta a gabana, da wata manhaja mai auna ƙara: kore, ruwan ɗorawa, ja. Ya ce kada in bari ta kai ja. Ya kuma karɓe sandunana masu kauri ya ba ni wasu sirara kamar tsinken tsire. Ni Tsawa, mai shekara ashirin da uku a sana'a, na zauna waya tana koya mini kiɗa. Ta yi ja, in rage. Ta yi ja, in rage. Na gano ashe wuyan hannu ma yana kiɗa, ba sai da kafaɗa ba. Na gano mai jita ya iya jita, abin da na daɗe ina musantawa.

Yaya bai zo ba duk kwanakin nan, likita ya hana shi magana. Ranar da wa'adin ya cika ya shigo da ƙyalle a wuya, bai kalle ni ba. Ya ce a ɗauko wata tsohuwar waƙa mai sanyi da muka daina yi, wadda a baitin ƙarshe kowa ke tsayawa a bar murya ita kaɗai, ta yi sama ta sirance. Ba kujerata kaɗai nake wa tsoro ba yanzu. In muryar nan ta karye a wurin, ni na karya ta.

Muka fara. Idona a kan waya, kore, kore, ɗorawa, kore. Ina jin Yaya yana waƙa ba ihu, jijiyar wuyansa a kwance. Da muka iso baitin ƙarshe na ɗaga sanduna, mai jita ya dafe wayoyinsa, Anti ta janye hannu. Na yi sauri na zare robar daga kunnuwana biyu don in ji da kyau.

Na ga bakinsa a buɗe, na ga ya rufe ido, na ga ƙirjinsa yana sauka a hankali. Abin da nake ji kawai fiton nan ne nawa. Na karkata kunnen dama, na miƙa wuya. Babu. Na ce shi ke nan, muryar ba ta fito ba.

Sai Anti ta rufe fuska da tafin hannu, mai jita ya buga ƙafa a ƙasa yana dariya. Yaya ya buɗe ido ya juyo wajena a karo na farko.

"Gobe ƙarfe goma, Auta. Kada ka makara." Ya matso kusa, fuskarsa a sake kamar ta yaro. "Ka ji ta? Ka ji yadda ta hau?"

Na san hanyar da zan bi in wuce, in gyaɗa kai in ce yawwa, na ƙware a wannan. Ban bi ta ba.

"Ban ji ba, Yaya," na ce. "Amma na gani."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zagayo ta damana, ya sunkuyo daf da kunnena, ya sake yin baitin daga farko.