Baba Gobe

Wasan sunansa Layinmu, kuma bana aka fito da na uku. Ba yaƙi a cikinsa, ba tseren mota. Mutum za ka haɗa, ka zaɓa masa hanci da tsayi da tufafi, ka kama masa ɗaki, sannan ka zauna kana kallonsa yana wanke-wanke, yana neman aiki, yana rigima da maƙwabciya a kan igiyar shanya. Wato abin da kowa ya gaji da shi a gida, shi ake kunna kwamfuta a sake yi, kuma wai ana jin daɗi.

Samarin da suka ƙirƙiro wasan 'yan tsokana ne. A kowane lungu sai sun ɓoye wani abu da ya taɓa tashe a gari. Ka shiga wajen mai shayi, ka tarar mai soya ƙwai yana sanye da irin hular wani mawaƙi. Ka buɗe firij a wani gida, ka ga kwalba da tambarin wani shirin barkwanci da aka daina yi tun tuni. Akwai ma akuya a bayan tasha wadda in ka dame ta sai ta taka rawar da aka yi yayinta a bikin aure shekarun baya. Ba su taɓa faɗa wa kowa inda suka sa waɗannan abubuwa ba, sai dai mai ido ya tono.

Jemimah kuwa mai ido ce. Da rana tana sayar da caja da rigar waya a shagon Ugochukwu, mai gyaran waya a Sabon Tasha. In kasuwa ta yi sanyi sai su shiga ɗan ɗakin baya, ita ta riƙe laftof, shi ya riƙe kyamara, su ɗauki bidiyo tana nuna wa mutane abin da ta gano da kuma asalinsa. Tana da baki, tana da saurin dariya, kuma mabiyanta suna ƙaruwa a hankali. A can sunanta Jemi kawai. Ba ta taɓa sa sunan mahaifinta ba, kuma ta san dalili.

Mahaifin nata, Baba Ishaku, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Bayan an rufe masaƙar, ya daɗe yana zuwa bakin get da safe tare da sauran abokan aiki, ko za a ji wani labari. Wata rana wani ɗan jarida ya tsaya da kyamara ya tambaye shi abin da yake jira. Baba, da tsohuwar rigar aiki da kular abinci a hannu, ya yi murmushi har giɓinsa ya fito, ya ce, "Gobe za a buɗe." Ba a buɗe ba. Shekaru suka wuce, Baba ya haƙura ya koma gyaran keken ɗinki a ƙofar gida. Sai wani marar aikin yi ya tono tsohon hoton bidiyon, ya yanke wannan wurin kaɗai ya watsa.

Abin ya kama kamar wutar kara. Wanda budurwa ta yi wa alkawarin ƙarya, a tura masa. Ƙungiyar ƙwallo ta sha kashi, a liƙa shi. Aka raɗa masa suna Baba Gobe. 'Yan unguwa sun gane shi sarai, amma suka yi kawaici, shi kuma wayarsa ƙarama ce mai madannai, kira kawai take yi. Jemimah tana makaranta lokacin. Ta ji 'yan ajinsu suna kwaikwayon muryar ubanta a gabanta, ta sunkuyar da kai ta yi kamar tana neman biro. Kunya take ji, kuma kunyar wannan kunyar ta fi damunta.

A Layinmu na uku an sa taswirar unguwanni da yawa, har da Kakuri. Wata Laraba tana yawo da mutumin da ta haɗa, ta bi wani siririn lungu a bayan layin dogo, ta ratsa ta wata katanga da ta rushe. Agogon wasan yana nuna safiya. Sai ga babban get a kulle da sarƙa, ga wani ɗan tsoho a tsaye da shuɗiyar riga da kula a hannu. Har giɓin ba su manta ba.

Ta kai hannu za ta rufe laftof ɗin, amma Ugochukwu yana tsaye a bayanta yana cin gyaɗa.

"Tsaya, tsaya. Wannan ba Baba Gobe ba ne?" Ya matso har kansa ya kusa taɓa allon. "Jemi, ba wanda ya samo wannan. Na rantse babu. Mu ne na farko."

"Bar shi kawai," in ji ta. "Tsohon abu ne, mutane sun manta."

"Wa ya manta? Ko jiya ƙanena ya turo min shi. Abeg gyara zama, bari in ɗauko kyamara."

Ugochukwu bai taɓa zuwa gidansu ba. Kalma uku za ta faɗa masa, babana ne wannan, magana ta ƙare, domin shi ba mugu ba ne. Ta buɗe baki kuwa. Sai ta tambaye shi ko gashinta ya zauna daidai.

Bidiyon ya yi kyau, abin haushin ke nan. Ta nuna hanyar lungun, ta ba da tarihin hoton kamar wadda ta karanto shi a wani wuri, ta ce "wani bawan Allah ne a nan Kaduna". Ba su taɓa yin bidiyon da ya zagaya kamarsa ba. Ugochukwu ya sayo mata shawarma don murna, ta ci rabi ta ture sauran.

A gida kuwa ta zama 'yar kirki fiye da kima. Ta wanke wa Baba kaya ba a sa ta ba, ta share masa wajen aiki, ta jera masa sukurdireba da kwalaben mai. Mamanta ta dube ta ta ce ko dai wani saurayi za a kawo ne. Da Baba ya shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a kicin.

Ranar Lahadi bayan an taso coci, mama ta tsaya taron zumuntar mata, gidan ya rage su biyu. An kawo wuta, fanka tana juyi. Baba ya cire takalmin cocinsa ya zauna a kujerarsa ta falo.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. "Yau Samuel mai kiɗan coci ya tare ni, wai kin zama babbar mace a waya. Wai kowa ya san ki."

"Me ya ce, Baba?"

"Ya ce wasa kike koya wa mutane. Na tambaye shi wane iri, sai ya kama in-ina ya ce ana kiransa. To ni na ce a raina, 'yata tana abu duniya ta gani, ni ban gani ba? Ɗauko na'urar ki nuna min."

Ta ce batir ya mutu. Ya nuna mata soket da baki. Ta ce wasan yana da wuyar ganewa. Ya ce shi da ya yi shekaru yana sarrafa injin da ya fi ɗakin nan girma, ba ɗan akwati ne zai gagare shi ba. Dole ta ɗauko.

Ta kwantar wa kanta da hankali da cewa bidiyon ba zai gani ba, wasan kawai za ta buɗe. Wurin kuma a ɓoye yake, ita kanta da kyar ta same shi, kuma ɗan tsohon da safe kaɗai yake fitowa.

Baba ya sa tabarau. Wajen haɗa mutum ya ɓata lokaci kamar mai zaɓen suruki. Ya ƙi mai tumbi, ya ƙi mai askin zamani, ya ce a ba shi saurayi dogo mai gashin baki, irin yadda yake lokacin da ya zo Kaduna daga ƙauye. Da aka zo zaɓen unguwa ya ga an rubuta Kakuri, sai ya yi dariya ya buga cinya.

"Har mu ma an sa mu?"

Ta koya masa madannan kibiya. Da yatsa ɗaya yake dannawa, da ƙarfi, kamar mai kashe kiyashi. Saurayin ya ci karo da bango, ya shiga banɗakin maƙwabta, ya ƙona shinkafa. Baba yana ta yi masa faɗa yana kiransa sakarai. Jemimah ta samu kanta tana dariya ta gaske, rabon da ta yi irinta tun kafin Larabar nan. Dare ya yi a wasan, saurayin ya kwanta, gari ya waye masa.

"To, ya isa haka," ta ce, ta kai hannu.

"A'a, ai yanzu gari ya waye. Namiji ba ya kwana ya tashi ya zauna a ɗaki. Bari ya fita."

Ya fitar da shi titi. Ta ce ga kasuwa can ta dama, akwai abubuwan kallo. Bai ko ji ta ba. Ya wuce masu keke napep, ya wuce wajen mai shayi, ya nufi layin dogo. Yatsan da ɗazu yake kuskure yanzu ya daina.

"Kin ga nan?" in ji shi. "Ta nan muke yankewa in mun makara. Yaran nan sun san gari. Da akwai wata mata mai ƙosai a daidai kwanar nan."

"Baba, ba komai a can. Ƙarshen taswirar ke nan."

"Akwai katanga a gaba, bari ki gani."

Tana kallo ya shiga lungun, ya ratsa ta katangar. Za ta iya fizge wayar wutar, za ta iya danna wani abu wasan ya mutu. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Get ɗin ya bayyana, da sarƙarsa, da ɗan tsohon.

Baba ya ɗaga yatsansa daga madannin. Ya gyara tabarau ya matso da fuskarsa. Ɗan tsohon ya juyo ya yi murmushi, sai muryar ta fito daga lasifika, ba kwaikwayo ba, ainihin muryar Baba ce suka ɗauko: "Gobe za a buɗe." Bayan ɗan jim ya sake faɗa.

Jemimah ta so Baba ya yi fushi, ya tambayi wanda ya yi wannan, ya ce zai kai ƙara. Da ta san abin da za ta yi da fushi.

"Shi kaɗai suka sa?" ya tambaya a hankali. "Ai muna da yawa a wurin."

"Shi kaɗai ne, Baba."

"Mutane sun san shi?"

"Sun san shi."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Ya gyaɗa kai, kamar an ba shi amsar wasu abubuwa da dama da ya daɗe yana lura da su a hanya. Sannan ya ce, "Ɗazu kin ce ana iya gayyatar mutum gida ya ci abinci. Kira shi. Rana za ta yi masa zafi a nan."

Ta san abin da zai fito, amma ta danna kan ɗan tsohon. Kowane mutum a wasan in ka danna shi sai zaɓi ya cika allo, gaisuwa, hira, gayyata, neman aure. Wannan biyu kawai aka ba shi. Baba ya bi su da yatsa yana karantawa a fili, yadda yake karatun Littafi a coci.

"Ɗauki hoto. Yi dariya." Ya dakata. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ke kin taɓa zuwa nan?"

"Ni na fara gano shi, Baba. Shi ne bidiyon da Samuel yake nufi."

"Wanne kika danna?"

Ta dubi ƙafafunsa, da safar coci mai ɗinki a babban yatsa. Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, kuma ba zai taɓa bincikawa ba.

"Dariya," ta ce.

"Kin faɗa musu ko wane ne?"

"A'a."

Ya cire tabarau ya naɗe, ya daɗe yana neman aljihun da zai sa shi. Fuskarsa ba ɓacin rai, kuma wannan ya fi mari ciwo. Ta fara cewa za ta goge bidiyon yau ɗin nan, za ta rubuta wa masu wasan, za ta fito ta faɗa wa kowa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Mutane sun kalla da yawa?"

"Da yawa, Baba."

"Ya ƙara miki suna?"

Ta ɗaga kai alamar e.

"To, kar ki goge," in ji shi. Ya dafa hannun kujera ya miƙe. "Tun da aka rufe wurin nan nake tunanin ban tsinana miki komai ba. Ashe dai na yi miki amfani."

Da gaske yake faɗa, ba gatse ba ne, ta ji a muryarsa. Ya zura silifas ya fita ƙofar gida, duk da ba ya aiki ranar Lahadi. Tana zaune ta ji ya jawo benci, ya gaisa da wani mai wucewa, ya tambaye shi iyali.