Ranar da Aka Zagi Abokin Yayana

Da takardar kotu ta iso daga birnin Semarang, yayana Mas Darmaji ya karanta ta a tsaye a bakin marina, ya ninke, ya sa a aljihu, sannan ya yi dariya. A gidanmu ba a yin irin wannan dariyar sai abu ya ɓaci. Ita ya yi ranar da ruwan teku ya shigo mana har gwiwa, ita ya yi ranar da likita ya fito daga ɗakin Baba yana girgiza kai.

Na kira shi yadda muke kiran yaya, na ce, "Mas, lafiya?"

"Lafiya lau, Lasmi. 'Yar gaisuwa ce daga Koh Bun Liong."

Wai gaisuwa! Koh Bun Liong shi yake ba mu farin yadi tun zamanin Baba. Ambaliya ta tsayar mana da aiki wata da watanni, bashinsa ya taru, shi ma nasa masu bin bashin suka shaƙe masa wuya, sai ya garzaya kotun kasuwanci yana neman a yanke cewa mun karye. In alƙali ya amince shi ke nan. Za a rufe marinar da Baba ya bar mana, a yi gwanjon tukwanen kaki da hatiman tagulla na buga zane, matan da suke zana mana batik, wato zanen kaki a kan yadi kafin rini, tun ina goye kowacce ta kama gabanta. Zaman kotu ya matso, kuma wannan kotun ba a shigarta sai da lauya.

Neman lauya ba wuya. Wuyar ita ce yayana. Mu mutanen Jawa ba ma buɗe baki mu gaya wa baƙo cewa asirinmu ya tonu, amma shi Mas Darmaji nasa ya wuce na kowa. Ko ƙafarsa ka taka da babur, shi zai ba ka haƙuri. Ni kuma ƙanwa ce, ba na shiga gabansa da magana a gaban mutane. Haka aka raine mu, kuma na tsani hakan a wannan makon kamar in mutu.

Lauyan farko a nan Pekalongan yake, yaro ne mai ladabi, ɗan Jawa irinmu. Mas ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya naɗe masa turmin batik. Aka kawo shayi. Suka yi hirar ramukan titi, suka yi ta kurciyar Mas mai daɗin kuka, ashe shi ma lauyan yana kiwo. Can lauyan ya kira shi Pak, yadda muke girmama magidanci, ya ce, "Yaya kasuwa, Pak?"

"Alhamdulillahi, sai godiya."

Na mintsini yayana ta ƙarƙashin tebur, ya yi murmushi ya matsar da ƙafa. Lauya ya ga ba a faɗa ba, shi ma kunya ta hana shi tambaya. Muka fito da lambar wayar wani mai sayar da abincin kurciya.

A hanya na sauke masa kwandon masifa. "Mas, ranar wanka ba a ɓoyon cibi! Lauya muka je nema ko surukai muka je gaisarwa?"

"Ai ya gane, Lasmi. Mutum mai hankali ba sai an faɗa masa ba."

Wajen lauya na biyu Mas ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce yana da wani aboki, wanda kasuwancinsa yake ɗan tari. Lauyan ya tausaya wa aboki ƙwarai, ya ce a gaishe shi, in tarin ya yi tsanani ya zo da kansa.

A wajen adashinmu na mata na samo bakin zaren. Ban gaya wa kowa halin da muke ciki ba, amma Hajiya Maesaroh, wadda motocin hayar mijinta suka taɓa kusa salwanta, ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Lasmi, bar wahalar da kanki da 'yan murmushin nan. Ku tafi Semarang wajen lauya Bu Rumondang. Ta tsufa a kan shari'ar karyewar kasuwanci, alƙalai ma gyara zama suke in ta shigo. Sai dai fa 'yar ƙabilar Batak ce."

"Wayyo! Mas zai suma."

"Ya suma mana. Ta saba, akwai fanka a ofishin."

Muka kama dariya har da riƙe ciki, ni da na kwana biyu ban ko yi murmushi ba. Tun daga nan wani irin zumuɗi ya kama ni. A jirgin ƙasa na kasa zama wuri ɗaya, na cinye awarata na cinye ta Mas, na yi ta jan wata mata da hira har ta yi barcin ƙarya. Shi kuwa yana manne da taga yana ta maimaita gaisuwar da zai yi. Kowa ya san mutanen Batak, in suna yi maka sannu da zuwa sai ka ɗauka faɗa ne.

Tun daga matakala muka jiyo ta. Murya kamar ana sauke kwanon rufi daga mota. Mas ya ja ya tsaya.

"Da alama tana da baƙi, Lasmi. Mu dawo wani lokaci."

Sakatariyarta ta ce, "Ku shiga, Pak. Da jikarta take waya, yau ta fara zuwa makaranta."

Gajeriyar tsohuwa muka tarar, furfura fat, tabarau a saman goshi, ta cire takalmi ta ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera. Mas ya sunkuya, ya miƙa turmin batik da hannu biyu, ya fara jero gaisuwa. Ta ajiye turmin gefe ko buɗewa ba ta yi ba.

"Zauna, Pak. Wa ya karye?"

Yayana ya yi 'yar dariyar nan tasa. "Am, Bu, wato ina da wani aboki."

Na rufe ido na ce shi ke nan, mun sake cin kuɗin jirgi a banza. Amma sai na ji ta ce, "Madalla! Ina son abokai. Rabin arzikina a kansu na tara shi. Me abokin yake yi?"

"Yana da 'yar marina."

"Ana bin sa?"

"Kaɗan."

"An kai shi kotu?"

"Kusan haka."

"Kusan! Ana kusan haihuwa ne, Pak? Da ruwa ya ci garinku, ya rufe marinar ya sallami ma'aikata?"

"A'a, Bu. Ya ci gaba da biyan su."

Ta sauke tabarau kan hanci ta dube shi. "Ba aiki, yana biya? To, ka yi haƙuri, abokin nan naka jaki ne."

Na toshe baki da mayafi. Mas ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ne, Bu."

"'Yan kasuwar da suke ɗaukar masa kaya, da takarda yake ba su?"

"Da amana."

"Amana! Yana da kai kuwa, ko hula yake ɗorawa a wuya ya fita? A ina ka samo wannan aboki, a gwanjo?"

"Tare muka tashi, Bu."

"Allah ya ba ka haƙuri. Da ni ce ƙanwarsa, da tuni na kai shi kasuwa na musanya shi da akuya."

Ta faɗi haka ne tana kallona ta gefen ido. Sai a sannan na gane tsohuwar nan ta san abin da take yi sarai. Dariya ta cika min ciki har hawaye na zuba, kafaɗuna na rawa, ina ta yin tarin ƙarya. Kunnuwan Mas kuwa sun yi ja, amma yana nan yana "haka ne, Bu."

Ta miƙe ƙafa ta ce, "Bari in ba ka shawara kyauta ka kai masa. Tsofaffin matan nan masu zane da hannu, ya kwashe su ya zubar. Tarkace ne. Ido ya mutu, hannu na rawa, sai cin albashi. Ya sayi injin buga zane. Wanda ya tara masa su tun farko ma bai san kasuwanci ba."

Ban taɓa jin yayana ya ɗaga murya ba, ko akuya yake kora sai ya ce mata don Allah. Sai ga shi tsaye, ya daki tebur har kofin shayi ya yi tsalle.

"Ba tarkace ba ne! Babbarsu, Mbok Painem, ita ta raine mu da uwarmu ta rasu! Hannunta na rawa, amma kawo injin da zai ja layi irin nata in gani! In kore su su ci me, ruwan teku? Babana ya tara su, kuma ya fi ki sanin mutane! Na sayar da motata na biya su, na jinginar da gonata a banki na biya su, ko gobe aka sake ambaliya sai na biya su! Koh Bun Liong yana bi na, banki yana bi na, mai rini yana bi na, ba na barci, ban san yadda zan yi ba, na kasa! Kin ji? Na kasa!"

Dariyata ta tsaya cak. Motar cewa ya yi tana wajen gyara. Maganar gona kuwa ban taɓa ji ba sai yau. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi.

Bu Rumondang kuwa rubutu take yi, tun da ya fara ihu alƙalaminta bai tsaya ba. Ta ɗago.

"Banki, mai yadi, mai rini. Akwai saura?"

Mas ya dubi hannunsa kamar na aro ne. "Babu, Bu. Ki gafarce ni, na yi rashin kunya."

"Rashin kunyar nan ita nake jira tun da ka shigo. Matanka ba tarkace ba ne, su ne ma hujjata. Saurara. Kafin ranar zama za mu roƙi kotu ta dakatar da masu bin ka, ta ba ka lokaci. Mu zaunar da su gaba ɗaya, mu nuna musu marina mai aiki ta fi musu amfani a kan tukwanen gwanjo. Na sha yin irin wannan, wasu na ci, wasu na faɗi, ba na yi wa kowa alkawari. Kuɗina ba na wasa ba ne, amma sai marina ta tashi za ka gama biya. Sharaɗina ɗaya. Abin da ka faɗa yanzu za ka maimaita shi a gaban Koh Bun Liong da alƙali, ba dariya. Za ka iya?"

Ya gyara zama, ya ce, "Zan iya."

"Mun ɗauke ki!" Ni ce na faɗa, da ƙarfi, ba wanda ya tambaye ni. Karo na farko ke nan da na yi magana a gaban mutane ba da iznin yayana ba, kuma daɗin da na ji har cikin ƙashina.

Ta yi wata dariya da ta girgiza gilashin taga, ta jawo takardar wakilci, ta cire murfin alƙalami. "To, Pak. Wane suna zan rubuta wa abokin namu?"

Mas ya zauna. Ya goge fuska da hannun rigar bikinsa. Muryarsa ta koma 'yar ƙarama kamar kullum, amma ba ta yi rawa ba.

"Darmaji, ɗan Pak Harjo mai marina."

Ta rubuta. Sannan ta turo masa shayin da ya rage a kofin, ta ce da murya ƙasa-ƙasa wadda ban san tana da ita ba, "Sha, Pak Darmaji. Ka daɗe kana ɗauke da mutumin nan kai kaɗai."