Kajin Ɓangaren Hagu

Wayar raga ce ta raba ɗakin kajin gida biyu, kuma tun ranar da aka kafa ta Inna ba ta ƙaunarta. Auta ce ta kafa ta, 'yarta ta ƙarshe, wadda ke shekarar fita a jami'a. Ɗakunan kiwo na makaranta sun cika, sai ta kwaso kajin bincikenta ta kawo bayan gida, fararen nan na gidan gona masu saurin girma.

Tsarin ba wuya. Na dama suna cin abincin da aka gauraya da garin zogale, tafarnuwa da citta. Na hagu kuwa abincin kamfani zalla. In lokaci ya yi a auna, a ga ko ganyen na ƙara nama da lafiya.

"Inna, don Allah kada ki taɓa musu komai," in ji Auta. "Ruwa kawai za ki duba in na tafi makaranta."

Inna ta ce to. Amma to ɗin Inna, wanda ya san ta ya san ba alkawari ba ne.

Kullum da hantsi, in ta shiga da bokiti, sai ta tarar da na hagu sun jeru jikin raga, sun zuro baki suna tsintar ɗan koren garin da ya fallatso. Abin ya tsaya mata a rai. Rannan dai ta buɗe buhun dama, ta ɗebo cikin hannu, ta watsa musu. Kashegari kwano ta ɗebo.

Ranar awo Auta ta rataye sikeli, ta riƙa ɗora kaji ɗaya bayan ɗaya. Dama da hagu duk kanwar ja ce, ba wadda ta fi wata. Ta sake awon, fuskarta na sauyawa. Sai ta durƙusa ta shafi gindin mazubin abincin na hagu, yatsanta ya fito kore.

"Inna!"

"Ni na ba su," Inna ta ce daga bakin ƙofa, ko gezau. "Ba sai kin nemi ɓarawo ba."

"Kin san abin da kika yi? Da me zan gwada yanzu? In ba waɗanda ba su ci ba, ta yaya za a san maganin ya yi aiki? Abokaina za su fita, ni sai baɗi!"

"A gidana ba a ba wani a bar wani yana kallo."

"Ai ba yunwa suke ji ba! Abincinsu cikakke ne, ba abin da aka rage su da shi."

"Haka aka riƙa ce mini ni ma," in ji Inna. "A gidan kawuna na tashi. Tukunya biyu ake ɗorawa, ta 'ya'yan gida da tamu. Ban taɓa kwana da yunwa ba, Auta. Amma har yau ina jin ƙamshin waccan tukunyar."

Auta ta miƙe daga gaban mazubin. Ta zauna kan buhu ta yi kukanta. Inna ta ji kukan har cikin ƙashinta, don ta san wahalar da yarinyar ta sha kan karatun nan. Haƙuri dai ba ta bayar ba.

Malamin Auta ya ce ba makawa sai an sake daga farko. Aka sayar da tsofaffin, aka wanke ɗaki, aka zuba sabuwar diddigar katako. Auta ta dawo da kwalin 'yan tsaki da ƙaton kwaɗo. Ta tsaya tana juya makullin a hannu, ta kasa kallon uwarta.

"Rufe abinki," in ji Inna. "Ba zan shiga ba. Amma da sharaɗi. Ranar da kika gama awonki, na hagu nawa ne."

"Inna, kajin nama ne fa. Ba sa daɗewa, ana gama awo yanka su ake yi."

"A yanka na dama, sun ci rabonsu. Nawa ba mai sa musu wuƙa sai sun ci sun ƙoshi."

Auta ta datse kwaɗon. Inna ta jawo turmi ta ajiye nesa da ragar, ta ba ɗakin baya, ta fara dakan zogale tana tarawa a tsohon gwangwani.