Alƙalin Wata Ƙasa

Mu uku Inna ta haifa. Ni ce babba, sai Dogo, sai Auta. Ni tela ce, shagona na bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani. Dogo ma'aikacin gidan rediyo ne. Auta kuwa alƙali ne a ƙaramar kotu, ko da yake a gida Auta ne dai, Inna tana aikensa ya nemo mata tabarau kamar bai taɓa zama kan kujerar shari'a ba.

Dogo yana da shiri duk Asabar da ƙarfe goma na safe, na rabin awa, yana sharhi a kan siyasar ƙasashe da kotunansu. Ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Yau ya kama wata ƙasar tsibiri da shugabanta ya yi ta ƙara alƙalai a babbar kotu har sai da nasa suka fi yawa. Mako mai zuwa ya koma kan wata ƙasa da aka ɗaure mai zanen barkwanci saboda ya yi wa shugaba manyan kunnuwa. Dogo ya ce, "Jama'a, ni na ga hoton shugaban nan. Mai zanen ma rage masa ya yi." Ko ƙasashen da ke tinƙaho da 'yanci bai ƙyale su ba. Ya taɓa kwashe shiri guda a kan wata malamar jami'a da aka kora a can don ta tsaya riƙe da allo a bakin ƙofa. Ya ce su ba sa ɗaure mutum, sai dai su cire masa abinci daga baki, sa'an nan su ce ai bakinsa a buɗe yake, ya yi magana mana.

Sharaɗi ɗaya manajan gidan ya kafa masa: duniya duka tasa ce, amma ban da gida. Shekara tara Dogo bai taɓa ambaton ƙasarmu ba. Sai dai masu sauraro ba yara ba ne. Idan ya ce "a wata ƙasa", matan da ke jiran ɗinki a shagona sai su kalli juna su yi dariya.

Abin ya faro ne daga wani malamin firamare. Ya rubuta a wayarsa cewa ajinsu shekara biyu ba rufi, alhali an ce an gyara, ya sa hoto, ya kuma kira sunan wani babba. Aka kama shi, aka ce ya ci mutuncin hukuma. Takardarsa ta faɗo teburin Auta. Ranar Alhamis lauyan malamin ya nemi beli, Auta ya hana, ya ɗage zama wata guda.

Ranar Asabar ina cikin ɗinkin wuyan wata riga shirin Dogo ya fara. A kan wani alƙali ne a wata ƙasa mai nisa, wanda ya tsare wata 'yar jarida ba beli. Dogo ya ce, "Akwai alƙalin da ke duba littafin doka kafin ya yanke hukunci, akwai wanda ke duba wayarsa. Wannan na biyun bai kamata a ce masa mai shari'a ba. Ɗan aike ne da aka ɗinka wa baƙar riga."

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Wata mata da ke zaune ta ce, "Kai! Har ƙaninsa bai bari ba." Ba ta san ni ce yayarsu ba.

Kafin azahar an yanko wannan gaɓar ana yawo da ita a waya, an haɗa da hoton Auta.

Washegari Lahadi muka taru a gidan Inna kamar yadda muka saba duk mako. Auta ya riga kowa zuwa, ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, bai ko taɓa shayinsa ba. Dogo na shigowa ya miƙa masa hannu, Auta ya dubi hannun kawai.

"Yaya Dogo, ɗan aike ko?"

"Ba da kai nake ba. Tun Laraba na naɗi shirin nan, kai kuma Alhamis ka yi zamanka. Je ka tambayi mai haɗa sauti."

"To fito ka faɗa. Ka ce ba da ƙaninka kake ba."

Dogo ya zauna. Can ya ce, "In na fito na ce ba da kai nake ba, za a tambaye ni ko abin da ka yi daidai ne. Me kake so in ce?"

"Ka san wa ya kira ni? Sau nawa? Ka san abin da aka ce mini a kan makarantar 'ya'yana, har da lokacin da ake tashinsu? Kai kana cikin ɗaki mai sanyi kana zagin shugabannin da ba su ma san an haife ka ba. Ni wanda nake tsoro ya san ƙofar gidana."

"Shi malamin fa, ba shi da 'ya'ya?"

Inna ta buga sandarta a ƙasa. "Ku ishe ni haka. Ke babba, kina zaune kina kallonsu?"

Ina zaune kuwa. Na rasa wanda zan ce ya yi shiru, don duk abin da suka faɗa ban ji ƙarya a ciki ba. Auta ya ɗauki makullin motarsa, ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, ya fita ta gefen yayansa kamar ba kowa a wurin.

Da Dogo ya bar maganar nan, ina jin da ta wuce. Amma Asabar ta gaba aka buɗe layi, wani ya bugo ya ce, "Malam, kullum wata ƙasa, wata ƙasa. Mu nan fa?" Mai haɗa sauti ya ba ni labari daga baya cewa manaja na bayan gilashi yana ta yi masa alama da hannu ya katse. Dogo ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, "Mu nan akwai malamin makaranta a tsare saboda hoton rufin aji. Shekara tara ina zagaye duniya don kada in faɗi irin wannan. Na gaji da tafiya."

Ranar Litinin da hantsi jami'an tsaro suka zo ofis suka tafi da shi. Laifinsa, wai tunzura jama'a da raina kotu.

Takardarsa ma teburin Auta aka kai. Ban sani ba ko da gangan ne. Auta ya zo shagona da tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya tsakanin yadin da ke rataye, duk ya faɗa.

"Yaya, doka ba ta yarda in saurari shari'ar ɗan'uwana ba. Dole in janye."

"In ka janye wa za a ba?"

Ya faɗi wanda za a ba. Ko ni da ban san kotu ba na san shi, don ba a taɓa jin ya saki wanda hukuma ta kawo ba.

"To kar ka janye mana. Ka sake shi, in ya so su kore ka."

"In na sake shi, gobe za a soke, a sake kama shi, ni kuma a ce na yi son kai. Babu abin da zai ƙaru."

"Zai san ƙaninsa ya gwada," na ce.

Ya tsaya yana murza wani guntun zare a yatsa, sa'an nan ya tafi. Washegari ya janye.

Wata bakwai Dogo ya yi a tsare. Duk Talata nake zuwa, ni da matarsa, mu bi layi a rana, a caccake abincin da cokali, a ba mu minti goma. Yana da ciwon sukari, maganin kuma wani lokaci ya isa gare shi, wani lokaci ya ɓace a hanya. A ɗaki ɗaya aka sa shi da malamin nan. Da farko yana ba mu dariya, yana cewa ya samu masu sauraro arba'in da ba su da ikon canza tasha. Daga baya dariyar ta ragu. Ya fara tambayata wace ce ke tsaye kusa da ni, alhali matarsa ce. Idon hagu ya tafi a can ciki.

Maganin da ke isa gare shi, ashe Auta ne ke aikawa ta hannun wani gandiroba. Ya roƙe ni kada in faɗa. Ban faɗa ba sai da komai ya wuce, kuma har yanzu ina tunanin ko kuskure na yi.

An sake su ne rana ɗaya, shi da malamin, ba tare da an yanke hukunci ba. Aka ce an janye ƙara, shi ke nan. Gidan rediyon ya ce yana iya dawowa, amma sanarwar ɗaurin aure da cigiya zai riƙa karantawa. Ya yi mako biyu ya ajiye. Bayan nan wata mota ta fara zuwa duk bayan kwana biyu tana tsayawa a gaban gidansa da rana, ba mai fitowa daga ciki. Matarsa ta daina barin yara su je makaranta su kaɗai. Da wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa hanyar fita daga ƙasar, bai yi gardama ba.

Ƙasar da ta karɓe shi tana cikin waɗanda ya fi caccaka. Ya ce mini a tasha, "Yaya, Allah ya sa ba sa jin yarenmu." Na yi dariya ina kuka. Auta bai zo ba. Na hango motarsa a tsallaken titi, amma bai fito ba, ni kuma ban nuna wa Dogo ba, don ta gefen idon da ya mutu take.

A can ya samu aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, yana manna takarda a jikin kwalaye. Idan ya bugo waya, maganar sanyi yake yi da tsadar haya. Na taɓa tsokanarsa na ce ya ba ni sharhin siyasar can. Ya ce takardar zamansa ta shekara ɗaya ce, ana sabuntawa, kuma an gaya masa ana duba abin da mutum ke rubutawa. "A nan ma na koyi ladabi," in ji shi.

Shekara biyu da tafiyarsa Inna ta kwanta. Likita ya ce mu kira na nesa. Dogo ba shi da halin dawowa, in ya shigo ba zai sake fita ba. A ɗakin asibitin, da la'asar, ni na danna lambar, sai Auta ya karɓi wayar ya kara a kunnen Inna. Dogo ya yi ta magana, yana kiranta, yana neman gafara. Ta buɗe ido ta ce, "Yaron nan ya ci abinci kuwa?" Ba ta ƙara cewa komai ba. Da ta yi barci Auta ya ɗaga wayar, ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya kai kunnensa.

"Yaya Dogo."

Na fita na ba su wuri. Ta gilashin ƙofa na ga Auta ya juya wa gadon baya, kafaɗunsa na motsi. Sun fi minti ashirin. Ban tambayi ko ɗayansu abin da suka ce ba.

Kwana uku bayan nan Inna ta rasu.

Da aka watse daga zaman makoki, muna kwashe kayanta, Auta ya ce mini akwai wata takarda a teburinsa, ta wata ma'aikaciyar jinya da ta rubuta cewa babu magani a asibitinsu. An riga an kira shi sau biyu.

"Me za ka yi?"

"Ban sani ba, Yaya. Wallahi tsoro nake ji."

Ya ba ta beli ranar Laraba. Wata guda bayan haka aka ɗauke shi daga kotu, aka mai da shi wani ofishin ajiyar tsofaffin takardu a wani gari mai nisan awa shida a mota. Iyalinsa suna nan, shi yana can a ɗaki ɗaya, yana zuwa ƙarshen wata. Ma'aikaciyar jinyar kuma an sake kama ta a bakin ƙofar kotu da wata tuhumar, aka kai ta gaban wani alƙalin.

Gidan Inna mun ba da shi haya. Ranar Lahadi yanzu ba ni da wurin zuwa, sai in buɗe shago, ko da babu aiki.