Gidan Sauro a Cikin Ruwa

Ina goge tayil ɗin falo Madam Loretta ta ƙara muryar rediyo ta ce, "Uwani, saurara, Oganki ne."

Shi ne kuwa. Oga Gregory, mijinta, yana aiki a ofishin da ke kula da kifi da masunta, wani lokacin a kira shi gidan rediyo. Ya ce damina ta makara bana, ruwan dam ya ja baya, kifi bai samu wurin zuba ƙwai ba. Ya ce abin da ya fi damunsu shi ne masu su da gidan sauro, domin yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Duk wanda aka kama da shi a ruwa, za a ƙwace kwale-kwalensa.

Babana masunci ne. Kwale-kwalensa ɗaya, da shi ake ci a gidanmu. Amma ni da koma mai manyan ido na san shi, don haka ban kawo komai a raina ba. Abin da na tuna kawai shi ne gidajen sauron da Madam ta ba ni kwanaki na aika gida saboda zazzaɓin ƙannena. Na ce ashe wasu wasa suke da abin arziki.

Bayan la'asar mai gadi ya ce ina da baƙuwa. Gwaggo Halima ce, ƙanwar Baba, da kwando a ka.

"Ke wannan unguwa taku ba mutane ne? Tun daga Giginyu nake tambaya. Katanga, katanga, ba wanda za ka yi wa sallama sai karnuka."

Na kai ta bayan kicin na ba ta ruwa. Ta sauke kwandon. Busasshen kifi ne, 'yan mitsi-mitsi, fal. An rufe bakinsa da wani shuɗin ƙyalle mai ƙananan huji. Na taɓa ƙyallen, na gane shi.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Yankin komar da uwar ɗakinki ta aiko mana. Babanki ya ɗinke su wuri ɗaya. Ke, ko ƙwaro ba ya tsira."

"Gwaggo, na sauro ne. Na gado."

"Mun sani mana. Sauro ai mun saba da shi. Ruwa ya janye, manyan kifi sun shige tsakiya, me za a kama da tsohuwar koma? Ina maigidan?"

A garinmu, in wani ya ba ka kayan sana'a, kamun farko nasa ne. Kuma ba a ba ɗan aike ya shigar, ba a ajiyewa a kicin. Hannun maigida ake damƙa wa, a faɗa masa da me aka kama. Na san haka tun ina ƙarama. Na ce mata Oga ba ya nan. Ta ce za ta jira. Na ce ba ya cin kifi. Ta ce bai ci irin wannan ba ne. Na buɗe baki in faɗa mata maganar rediyo, sai na rasa ta inda zan fara. In ce mata wanda ta kawo wa godiya shi ne mai ƙwace kwale-kwale? Ni kaina abin bai zauna a kaina ba. Matar ta bayar, mijin ya hana, gida ɗaya.

Ina cikin haka aka buɗe get, motar Oga ta shigo.

Gwaggo ba ta jira ni ba. Ta ɗauki kwandonta ta zagaya gaba, ta durƙusa tun bai rufe ƙofar mota ba. Madam ma ta fito.

"Yallaɓai, barka da aiki. Maharazu, uban Uwani, ya ce a gaishe ku. Ga kamun farko. Ya ce Allah ya saka wa Madam, bai taɓa riƙe koma irin tata ba."

Oga ya yi murmushi ya kai hannu. Ya ɗaga shuɗin ƙyallen. Ya ɗebi kifi a tafinsa ya daɗe yana kallo.

"Loretta," ya ce a hankali, "koma kika koma rabawa?"

"Ni? Gidan sauro na ba yarinya!"

"Shi ne, shi ne," in ji Gwaggo, cike da murna. "Har maƙwabta aro suke zuwa."

Madam ta sa bakin zani ta rufe baki. Ban san dariya take ko me ba. Oga ya juyo gare ni.

"Uwani, wane gari ne naku ma?"

Na sunkuyar da kai. Ya san garin, shi ya taɓa sa ni a mota zuwa can. To me ya sa yake tambaya? In na faɗa, na kai ƙarar Baba ke nan? In na yi shiru, na yi wa mai ciyar da ni ƙarya? Gwaggo ta zungure ni ta faɗi sunan garin da ƙarfi, har da cewa gidanmu yana kusa da tsamiyar bakin ruwa.

"Kira mini babanki," in ji Oga.

Na kira, na miƙa masa. Ya sa a amsa-kuwwa. Baba ya yi ta gaisuwa, iyali, aiki, gajiya. Oga ya bar shi ya gama.

"Malam Maharazu, na ga saƙo, na gode. Amma wannan kifin da an bar shi, baɗi ɗaya zai cika faranti. Ka san an hana su da gidan sauro?"

"An hana, Yallaɓai? Ai daga gidanka ya fito."

Oga ya kalli Madam. Madam ta kalli bishiyar mangwaro.

"Mutanenmu za su zagaya dam ɗinku kwanan nan. Ba zan iya hana su ba, kuma ba zan hana ba. In sun same shi a jirginka, jirgin ya tafi. Ka fitar da shi daga ruwa yau."

Na ji kukan akuyarmu ta wayar.

"To, Yallaɓai. Kafin baɗin fa, me yara za su ci?"

Na zaci Oga zai amsa, tunda a rediyo ba a yi masa tambayar da bai amsa ba. Ya goge goshi ya ce ana sa ran ruwa, in ruwa ya sauka dam zai cika. Baba ya ce Allah ya kawo. Suka yi sallama.

Gwaggo ta rasa abin yi da kwandon. Mayar da kamun farko zagi ne. Oga kuma ya ce kifin ba zai shiga cikinsa ba. Madam ta ɗauka ta ce, "Matattu ne dai, ba za su koma ruwa su girma ba," ta wuce kicin. Gwaggo ta raɗa mini, "Wai mun yi laifi ne ko an gode mana?" Na ce ban sani ba.

Kwanakin da suka biyo baya, duk ƙarar waya sai in ruga in duba ko Baba ne. Oga bai sake tayar da maganar ba, ni kuma kunya ba ta bar ni na tambaya ba. Ranar wata Asabar da safe, ina shanya, Baba ya kira.

Ya ce mutanen Oga sun zo. Sun ɗauke jirage biyu a ƙetare, nasa yana nan ɗaure a gindin tsamiya. Ya warware ɗinkin, Inna ta rataya gidajen a kan gado, ɗaki duk ƙarni, ƙannena suna ta tsaki. Ya ce jiya ya fita da tsohuwar koma tun hantsi, ya dawo da tarwaɗa biyu.

"Uwani."

"Na'am, Baba."

"Shi wannan maigidan naki, taimakona ya yi ne?"

Na riƙe rigar Oga a jiƙe, ruwa yana bin hannuna. Na ce jirgin dai yana nan, Baba. Ya ce e, yana nan. Sai katinsa ya ƙare.