Hirar Leɓe a Tsohuwar Masaƙa

Da Auta ya ce wa Inna ranar Asabar za a buɗe sabuwar kasuwar da aka gina a tsohuwar masaƙa, sai da ya maimaita, don kunnen Inna ya daɗe da yin ritaya.

"Kalle ni ka faɗa," in ji ta. "Kana magana kana kallon waya kamar ita ta haife ka."

Ya kalle ta ya faɗa. Ya samu shagon gyaran waya a ciki, kuma an gayyaci duk tsofaffin ma'aikata.

"Har waɗanda suka bar gari?"

"Har a rediyo aka sanar, Inna."

Ta sa masa albarka a kan shagon, amma gaskiya ɗaya ce, hankalinta ba ya wurin. Ƙawarta Wushirya take son gani.

Wanda bai yi aiki a masaƙa ba ba zai gane ba. Idan injuna suka tashi, ko aradu ce ta faɗi ba mai ji. Shi ya sa masu saƙa suka koyi magana da leɓe, a wage baki a furta kalma ba murya, na can nesa ya karanta. Injin Wushirya yana jikin wani ginshiƙi, yana fuskantar na Inna. Sama da shekara ashirin suna haka. Ta leɓe suka ci naman manaja har ƙashi, ta leɓe Inna ta faɗa mata tana da cikin Auta tun mijinta bai sani ba. Ita Wushirya Doguwa take ce wa Inna.

Ranar da aka rufe masaƙar, injuna suka yi tsit, sai kunya ta kama su kamar baƙi. Suka taka har bakin ƙofa, kowacce ta ce wa 'yar'uwarta "sai gobe" yadda suka saba, suka rabu. Ba wadda ta san gidan wata. Me za ka yi da sanin gidan wanda kake gani kullum? Daga baya Inna ta ji an ce Wushirya ta bi mijinta wani gari. Tsakiyar garin ta mutu, shaguna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta cinye harabar. Kewar Wushirya kuwa ba ta taɓa sakin Inna ba.

Ranar Asabar ta riga Auta shiryawa. Wurin ya zama gilashi da fitilu, ƙasa sumul har tana tsoron santsi. An bar dogon bututun hayaƙin, an shafe shi da fenti, matasa na ɗaukar hoto a gindinsa. Lasifika na ta kiɗa, mutane na toshe kunne, ita ko ko a jikinta. Ginshiƙan nan ma ba a taɓa su ba. Ta bi su har ta gane na Wushirya, yanzu yana gefen wani shagon takalma, ta koma daidai inda injinta yake a da ta tsaya.

Tsofaffin ma'aikata suka yi ta wucewa, wannan da sanda, wancan jika na riƙe da shi. Duk wanda ta tambaya sai ya girgiza kai. Auta ya zo ya ce ta zo ta ga shagon, ta ce ya je tana zuwa. Ƙafafunta suka fara ciwo.

Can ta hango wata mata a tsallaken zauren tana kiran 'yarta da ta ruga wajen kayan wasa. Ba ta ɗaga murya ba. Baki ta wage, a hankali: *Dawo nan, ko ranki ya ɓaci.* Ga wushirya a tsakanin haƙoranta.

Inna ta ɗaga hannu har matar ta dube ta, sannan ta motsa leɓe: *Wa ya koya miki?*

*Mamata,* in ji matar daga can. Ta ƙura mata ido. *Ke ce Doguwa?*

*Tana ina?*

*Ta rasu bara.*

Matar ta ratso cikin jama'a ta zo ta kama hannun Inna, ta durƙusa tana ta bayani da murya, kanta a sunkuye don ladabi. Inna ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Hawaye na zubo mata, ta ɗago haɓar matar.

"'Yata, ba na jin wannan. Tashi ki koma can. Kin ga ginshiƙin da ke jikin shagon takalman? Nan uwarki take tsayawa."

Matar ta je ta tsaya. Inna ta goge ido da gefen mayafi don ta gani da kyau, ta gyara tsayuwa.

*To, faɗa min,* ta ce. *Ki fara daga ranar da muka ce sai gobe.*